Facin Wutsiyar Jirgi

Ko yau aka tashe ni daga barci, zan iya ba da labarin ranar da na sa wuƙa na farke aikin hannuna a gaban mutanen garaji duka. Ku da kuka zo bayanmu kun sha jin ana tsokanata da "Shef mai faci". To, ga inda sunan ya samo asali.

Shekara talatin da ɗaya na yi a garajin wani kamfanin manyan motoci a nan Gaya, can wajen hanyar gada. Ga wanda bai san tsarin garaji ba, a sama akwai patoro, mai motocin. A ƙarƙashinsa akwai shef garaji, wanda ke raba aiki kowace safiya. Daga nan kowane sashe da shugabansa: makanikai, masu lantarki, sai mu toliye, masu gyaran jikin mota. Ni ne shugaban toliye. Idan kamiyo, wato babbar motar kaya, ya taso daga Kwatano ya yi karo a hanya, mu ake kawo wa. Mu buge lotsawar daga ciki da guduma, mu liƙe inda ya tsage, mu cike da ƙullin toshe rami da ake ce wa mastik, mu goge, sannan mai fenti ya rufe. Dokar sana'ar ɗaya ce: gyara mai kyau shi ne wanda ba a gani. In patoro ya shafa ƙofa da tafin hannu ya gane inda muka taɓa, to mun faɗi. Ni kuwa a lokacin ba na faɗuwa, kuma bakina ba ya barin kowa ya manta da haka.

Baba Sumana shi ne direba mafi tsufa a kamfanin. Tun ina apranti, ɗan koyo, ina wanke guduma na same shi yana jan mota tsakanin Kwatano da Yamai. Mutum ne mai shiru, bai taɓa kawo mini mota a lotse ba sai sau biyu, kuma duka biyun shanu ne suka shigo masa. Da idonsa ya fara rauni, patoro ya sauke shi daga mota ya ba shi riƙon makullai a bakin ƙofa. Can sai idon ya ci gaba da tafiya, likita a Dosso ya ce sai haƙuri. Baba ya ce to zai koma gida Tanda, ya zauna cikin jikoki.

Wata Litinin, mako biyu bayan Babbar Salla, patoro ya kira ni ofis. Na tarar da Baba zaune a kan kujera.

Patoro ya ce, "Mamman, na tambayi Baba mi yake so na sallama. Ni na zaci rago zai ce, ko babbar riga. Ji abin da ya zo da shi."

Baba ya ciro wata ƴar jakar fata daga aljihu, ya zaro hoto. Tsohon hoto ne, ya koɗe ya koma kalar shayi. Jirgin yaƙi ne mai farfela ɗaya a hanci, ga wani siririn saurayi tsaye kusa da wutsiyar, ba takalmi a ƙafarsa.

Ya ce, "Babana ke nan. Lokacin yaƙin Jamus ya tsallaka Kano neman abinci, ya yi aiki a filin jirgi. Hoton na mutuwa, idona na mutuwa. Ina son ku yi mini wanga jirgi ƙarami, wanda hannu zai gani. Yadda yake a hoton nan, ɗana, kada ka rage komi."

Na ce, "Baba, an gama." Motar da za ta kai shi Tanda an sa mata Asabar ta mako na uku.

Ban taɓa yin irin wannan aiki ba, amma awo awo ne. Na tambayi Baba tsawon mahaifinsa, ya ce ya ɗara shi da yatsa huɗu. Na auna Baba a jikin bango, na ƙara yatsa huɗu, na mai da saurayin hoton ya zama ma'aunina. Da shi na gane tsayin taya da tsawon jikin jirgin. Kowace mita ta gaskiya na ba ta santimita biyar. Abin da hoton bai nuna ba, Biyo ya nemo mana. Biyo shi ne mai fentinmu, mutumin Malanbil, kullum da safe yake tsallako gada. Ya yi ta lalube a wayarsa har ya samo hotunan jirage irin wannan, ta sama da ta gaba.

Jikin na yanko shi daga tsohuwar ƙofar kamiyo. Farfela daga murfin tukunyar dalma, kuma tana juyawa in ka hura ta. Gilashin da matuƙi ke zama a ƙarƙashi na fere shi daga fasasshiyar fitilar mota. Bututun hayaƙi, uku a kowane gefe, daga siririn bututun birki. Kusoshin jikin kuwa ɗaya bayan ɗaya na buga alamarsu da bakin ƙusa, har idona ya riƙa ruwa. Shef garaji ya yi ta ƙorafi wai na bar motoci biyu a layi ina wasan yara. Na ce masa ya je ya faɗa wa patoro.

Da Biyo muka fi yin faɗa. Shi hannunsa ya saba da bayan kamiyo, so yake ya zana dawisu a fukafuki ya rubuta "Allah ya kiyaye hanya" a gindi. Na ce masa jirgin yaƙi ne, ba motar albasa ba. Ya haƙura ya haɗa ruwan ƙasa da ruwan toka kamar yadda muka gani. Amma rana ɗaya ya kira ni, ya ɗora yatsa a kan hoton.

"Shef, dubi nan, kusa da kafaɗar mutumen. Wanga baƙin wuri mai kusurwa huɗu. Kamar faci ne."

Na duba. Faci ne kam, har da ɗige-ɗige a kewaye. Na ce, "Na gani. To sai mi? Jirgin ya ji ciwo aka rufe masa da gaggawa. Mu za mu ba Baba shi lafiyayye, yadda ya fito daga masana'anta. Aikin da ya fita hannun Mamman ba ya fita da faci."

Biyo ya ce, "Amma ya ce kada a rage komi."

Na ce, "Ban rage ba. Gyarawa na yi." Na shafe wutsiyar da mastik na goge ta har sai da ta yi santsi kamar cikin faranti.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka taru a tsakar garaji, direbobi da makanikai, patoro ma ya fito. Na ɗora jirgin a cinyar Baba. Mutane suka yi ta salati, ni ina tsaye ina jiran yabo.

Baba bai kai shi kusa da ido ba. Ya fara daga hanci, ya juya farfela da yatsa, ya yi murmushi. Ya bi fukafuki, ya ƙirga bututun hayaƙi. Sai hannunsa ya gangara baya zuwa wutsiya. Ya shafa. Ya sake shafawa. Ya juya jirgin ya lalubi ɗaya gefen, ya dawo. Murmushin ya tafi.

Ya ce, "Mamman, ina baba?"

Na ce, "Baba, jirgi ka ce, ba ka ce mutum ba."

Ya ce, "Ba mutum nake nema ba. Ɗinkin nake nema."

Nan ya ba mu labarin da a shekara talatin bai taɓa ba kowa a garajin ba. Mahaifinsa baduku ne, a filin jirgin kuwa gangunan mai yake turawa. Irin jiragen nan, daga bayan matuƙi zuwa wutsiya ba ƙarfe ba ne, ƙyalle ne aka ja a kan haƙarƙari aka shafe da magani ya yi tauri. Wata rana wani jirgi ya sauka da yagewa a wutsiya, kuma ana son ya wuce gabas. Baduku ya ce zai iya. Ya ciro basillarsa ya ɗinke faci da irin ɗinkin da ake yi wa sirdi. Jirgin ya tashi da ɗinkinsa, wani Bature ya ɗauke shi hoto kafin tashin. Da ya koma Tanda ya faɗa, aka yi ta dariya, wai wa ya taɓa jin an ɗinke jirgi. Har ya rasu ana ce masa "Maɗinkin sama", ba kuma da yabo ba.

Baba ya ce, "Ni ma ina yaro kunyar labarin nake ji, shi ya sa na daina faɗa. Yanzu jikokina na tambaya. In na ba su wanga, za su ce kaka ya taɓa tsayawa kusa da jirgi. Tsayawa kuwa ko jaki ya iya." Sai ya miƙo mini shi da hannu biyu, ya ce, "Amma ya yi kyau, ɗana. Allah ya yi albarka."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Biyo kallona kawai ya yi, kuma wannan ma ya ishe ni. Ni da nake kushe aikin kowa, ashe wanzami ba ya son jarfa. Kunya ta rufe ni, sannan tausayi ya biyo baya.

Na ce wa patoro a ba ni Juma'a. Ya ce, "Ɗauki, amma mota ba za ta wuce Asabar ba."

Da safe na yanke bayan jirgin gaba ɗaya, mastik da santsin da komi. Na ƙera haƙarƙari da siririyar waya, na ja farin zawwati a kai, na shafa barni irin na kafintoci har sau uku, kowane sai ya bushe a rana. Bayan masallaci Biyo ya bi da fenti. Na je layin dukawa a kasuwa na samo ƙaramar basilla da zare mai kakin zuma. Ɗinkin ne kawai ya gagare ni. Na gwada a ƙyallen banza sau biyar, kowane ya fito kamar tafiyar kaza.

Asabar da hantsi an gama ɗaura kayan Baba a mota, mutane sun taru yin ban kwana. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, wutsiya ta zama ƙyalle. Amma ni ɗinkin sirdi ban iya ba."

Ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya ji ƙararta kamar ƙaramar ganga. Ya ce, "Haka take. To yaga ta."

Na ɗauki wuƙa. Tunda nake ban taɓa ɓata aikina da gangan ba. Baba ya kama yatsana ya kai shi daidai wurin, na tsaga. Direbobi suka yi ihu, wani ya ce yau Shef ya lotsa mota da kansa.

Na zura masa zare, na yanko faci kamar faɗin farcen babban yatsa. Baba ya ɗaga kai sama, don idon ba shi da amfani a nan, ya fara ɗinki. Basilla ta shiga, ta koma baya, ta fito, kowane ɗige daidai da ɗan'uwansa. Ya ce yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya koya masa, kafin mota ta ɗauke masa hankali. Patoro ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Garajin da ba a jin magana saboda guduma, ranar har shigar zare ana ji.

Da ya ƙulle ya ciji zaren, Biyo ya matso da burushi zai rufe. Ni da bakina na ce, "Bar shi. Kada ka taɓa."

Baba ya shafa wurin da babban yatsa, a hankali, ya ce, "Yauwa. Ga shi nan." Hawaye na zubo masa, ni ma ban ɓoye nawa ba. Bai yarda a sa jirgin cikin kaya ba, a cinyarsa ya tafi Tanda.

Dokarmu ba ƙarya ba ce, har gobe mai mota ba ya son a ga inda ya yi karo, kuma ku ci gaba da gogewa. Amma ku sani sana'armu tana koya wa mutum ya share sawun hannunsa, har ya fara share na wasu yana ganin alheri yake yi. Tun daga ranar, in an kawo mini abu da tsohon gyara a jiki, kafin in ɗauki mastik sai na tambayi mai shi: wannan, wa ya yi maka?

Bara na je Tanda gaisuwar rasuwar Baba. Jirgin na nan a ɗakinsa, fentin duk lafiya lau. Facin kaɗai ya yi baƙi, saboda yawan hannun da ya shafa shi.