Makara Jirgin Ya Yi

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da ranar da aka ce mana jirgin su yayana ya ɓace. Makaniki ne a wani jirgin ruwa mai dakon kaya daga Legas. Mu kuwa a Getso ba wanda ya taɓa ganin teku, shi ya sa kullum Inna a tsorace take da aikin nan.

Muna tsakar gida muna sussukar wake maƙwabciyarmu ta faɗo, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Wai an turo mata a waya cewa jirgin su yayana ya ɓace. Inna ta saki taɓarya ta zauna daɓas, ko kukan ta kasa. Na kira lambarsa, a kashe. Na lalubo asalin labarin da Turanci, ga sunan jirgin ɓaro-ɓaro, amma Turancina na sakandare bai fisshe ni ba.

Acaɓa na hau sai Kabo, wurin ƙanin Inna da ya daɗe yana aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa ta Legas kafin ya dawo gida. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na miƙa masa wayar. Ya sa tabarau ya karanta a tsanake.

Ya ɗago ya ce, "Wa ya ce muku ya ɓace?"

"Kawu, ba abin da suka rubuta ke nan ba?"

"A'a. Overdue suka ce, wato ya makara, lokacin isarsa ya wuce. Masu labarin jiragen nan ba sa jefa kalma haka kawai. In an daina jin ɗuriyarsa ana nema, missing za su rubuta. In an fid da rai, sai su ce lost. Ba a kai can ba. Koma ki ce wa Innarki ta ci abinci, a ci gaba da addu'a."

Ba zan ce tsoron ya tafi duka ba, amma na dawo gida ina iya numfashi. Ba a daɗe ba sai ga kira da baƙuwar lamba. Yayana ne, yana cewa inji ne ya mutu musu a tsakiyar ruwa, janyo su aka yi. Inna tana dariya tana hawaye tana yi masa faɗa, duk a lokaci guda.

Tun daga ranar, in labari mai nauyi ya zo mini a fassare, ba na kai shi kunnen kowa sai na san ainihin kalmar da aka faɗa.