Sirajo Mai Faci da Goyonsa

Ranar Talata, 9 ga Maris 2021, na fara ganin Sirajo. Ina aikin akawu a wani ƙaramin asibiti a Illela, ranar kuwa ta awon jarirai ce. Mata sun cika benci, sai namiji ɗaya a ƙarshen layi, ya goya jaririya da zane, ɗaurin duk ya karkace. Matan suna ta dariya cikin mayafi. Na tambaye shi ina uwar. Ya ce ta rasu wurin haihuwa, sunan yarinyar Ummu.

Faci yake yi a bakin tashar motocin Konni. Can ma da goyon yake aiki, in ta yi barci ya shimfiɗe ta kan kwali a ƙarƙashin rumfa. Direbobi suka sa masa Inna Sirajo. Wani in ya kawo taya sai ya tambaye shi ko ya gama ba da nono. Shi dai sai ya ci gaba da facinsa.

Yayarsa Hauwa'u ta sha zuwa daga Tozai don ta ɗauki yarinyar, yana hanawa. Daga baya ya gaya mini dalili. Ɗansu na fari shi da marigayiyar, da aka yaye shi, an kai shi ƙauye wurin kaka kamar yadda aka saba. Ƙyanda ta kama shi, ba a aiko ba sai bayan an binne. Shi kuma don kunyar ɗan fari, ko lafiyarsa bai taɓa tambaya ba.

"Malam, kunya ta sa na rasa wancan," in ji shi. "Wagga ɗiyata ta. Mi za su ce da ba su ce ba?"

Haka ya yi ta fama yana ramewa. Da Ummu ta fara rarrafe, wata rana yana cire taya, ta dafa ƙarfen faci mai zafi, tafin hannunta ya ƙone. Babu wanda ya ce tsautsayi ne. Kowa cewa yake dama raino ba aikin namiji ba ne. Bayan an ɗaure hannun ya daɗe zaune a ofishina. Ya ce yarinyar ba ta gajiyar da shi ba, bakin mutane ne.

Dangi suka taru, kawunsa ya yanke magana, Hauwa'u ta tafi da Ummu.

Sirajo ya sayar da injin iskarsa ya bi su Tozai. Yanzu ƙodago yake yi a gonakin albasa, yana kwana a zauren gidan yayarsa. Hannun Ummu ya warke, sai tabo. Bai ƙara aure ba.