Naman da Ban Tambayi Asalinsa Ba

Sana'ar kilishi na gada a Ƙofar Rini, kuma ni na fara zubar mata da mutunci a gidanmu.

Wata damina aka yi kwanaki rana ba ta fito sosai ba. Duk naman da na yanka na shanya sai ya soma wari kafin ya bushe. Ana cikin haka wani baƙo ya zo mini da buhu cike da yankakken nama busasshe, labu kawai yake jira, wato kwaɓin tunkuza da yaji da muke tsoma shi a ciki. Ya ce naman shanu ne. Na ga launinsa ya yi duhu, zarensa ya yi kauri. Ban tambaya ba, don ina tsoron amsar. Na gasa na sayar, wanda ya yi shakka na rantse masa. Har mahaifiyata ta ci.

A makon ne ɗiyar yayata, mai karatun likitan dabbobi, ta zo ta sayi ƙunshi guda. Ta ce bincike suke yi, suna bin masu kilishi suna saye don gwajin ƙwayoyin halitta.

"Kawu, ko an gasa nama an dake shi, na'urar sai ta faɗi dabbar."

Na yi dariyar yaƙe. A lokacin garin ya cika da maganar naman jaki. Idan jaki ne, na ciyar da Musulmi haram ke nan, har da wadda ta haife ni. Na yi makonni ina sallah ban san raka'a nawa na yi ba.

Da na kasa daurewa na hau mashin zuwa Dundaye, gidan yayata. A tsakar gida na faɗi komai, kaina a ƙasa. Yarinyar ta shiga ɗaki ta duba takardunta, ta fito.

"Raƙumi ne, Kawu."

"Ki sake dubawa, ɗiyata."

"Sau biyu munka gwada. Raƙumi ne."

Na zauna a kan turmi ina hamdala, hawaye na zuba. Yayata ta riƙe haɓa.

"Kai wanga ƙane nawa! Furfura ga kai, ka kasa rarrabe sa da raƙumi?"

"Na san ba sa ba ne, Yaya. Abin da ban so in sani ba shi ne mene ne."

Halal ne, amma rantsuwar ƙarya tana wuyana. Na bi waɗanda na iya tunawa ɗaya bayan ɗaya ina neman gafara. Wasu sun yafe, biyu ba su sake tsayawa teburina ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wani dattijo mai gyaran keke ya saurare ni har ƙarshe, ya goge hannunsa, ya tambaye ni ko akwai sauran kilishin.