Sawunki a Kan Alli

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, bakwai ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran malamarmu ta rawa, wadda muke kira Uwar Taku. Ni ce na buɗe ɗakin koyarwa na same ta kwance, kuma har yau ban bari an share ɗakin ba.

Malama, shekara arba'in kina koyar da rawar da kika gada wurin kakarki, ba ki taɓa yarda a ɗauke ta a hoto ba. Garin alli kike barbaɗawa a daɓe, ki taka, sannan ki ce mu bi sawunki. Wadda ta kauce, ƙasa ce ke tona mata asiri. Ni kuwa kin fi shekara biyu kina kirana Ƙafar Katako. Da na yi fushi na daina zuwa, sai ga ki a gidanmu, kika ce wa mahaifiyata, "Yaya, a ba ni katakona, ban gama sassaƙa ba."

Abu ɗaya kika hana mu, shi ne ƙarshen babbar rawar da kike rufe taro da ita a ƙuruciyarki. Duk sanda na tambaya sai ki ce, "Ke dai gyara dugaduganki, da sauran lokaci." Abin ya sha ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba.

A watan jiya muka fara ganin kina dafa bango kafin ki juya. Makaɗinki ya rage saurin ganga, kika harare shi, amma ba ki ce ya ƙara ba.

Ranar Talata kika ce in zo washegari da sassafe, ni kaɗai. Na makara. Na tarar kin barbaɗa alli, kin riga kin taka. Sawu ashirin da shida na san su, bakwai kuwa ban taɓa ganinsu ba, kuma sun tsaya a tsakiyar ɗaki, daidai inda kika faɗi. Ban sani ba ko a nan rawar ta ƙare, ko ƙarfinki ne ya ƙare, kuma babu mai rai da zan tambaya.

Ɗanki ya ce in ɗauka a waya. Na ɗauka, ki yafe mini, amma hoto ba ya nuna ƙafar da ta riga sauka. Ga hadari yana haɗuwa kullum, rufin yana yoyo, kuma duk buɗe ƙofa sai iska ta ɗebi wani abu. Jiya sawun ƙarshe ya rasa yatsunsa.

Allah Ya jiƙanki, Malama, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki. Ya ba ɗanki da ƙannenki da makaɗinki haƙurin wannan rashi. Ni kuma a sa ni a addu'a. Gobe zan cire takalmi in bi sawun nan bakwai, kuma na san duk wanda na taka ya goge ke nan.