Yaya Talatu da Ruwan da Sabulu ke Sha

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Talatu makwancinta. Ita ce babbar yayata, ita ta goya ni, kuma a unguwarmu a Haɗeja da wuya ka sami gidan da bai yi wanka da sabulun salonta ba. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kanta, sai bana jikarta ta ba ni dalili.

Yaya tana da wata ɗabi'a da muke yi mata dariya a kai. In za ta tace toka don haɗa sabulu, duk gugan da ta ja daga rijiyar gidanmu sai ta jefa tsakuwa ɗaya a ƙwarya. Har ruwan wanke tukunya da muciya ba ya tsira, shi ma da tsakuwarsa. In bazara ta yi nisa har aka ƙara wa guga igiya, to ta kife tukunyarta ke nan sai ruwan shuka ya sauka, ko da masu saye za su cika zaure. Dalilinta, gidaje da yawa a layinmu daga wannan rijiya suke sha.

Ni da nake taƙamar na yi boko na taɓa ce mata, mu da ambaliya ke kora daga gidajenmu, mene ne abin ƙirga ruwa? Ta dube ni ta ce, "Kogin nan wucewa yake yi, Sule. Mutanen Guri na can suna jiran abin da muka rage."

Jikarta Binta ta karanta ilimin haɗa sinadarai, ta dawo tana yin sabulun ruwa na wanke-wanke a tsakar gidan nan, tana ɗurawa a robobi. Ita ta gaya mini yanzu akwai masana da aikinsu ke nan: su ɗauki abin da masana'anta ta ƙera, bokitin roba ko garin sabulu ko turmin atamfa, su bi sawun ruwan da ya ci tun daga tushe. In atamfa ce, tun daga wanda auduga ta sha a gona, da na rini, har da wanda ya gurɓace aka zubar. Tun ranar na rasa sukuni. Sai in tsaya ina kallon butar alwalata ina tambayar kaina, wai wannan busasshiyar roba guga nawa ta sha, kuma daga rijiyar wa? Da Yaya na raye, na san za ta ce sai yanzu 'yan boko suka farga? Daga nan ta tambaya ina za su samo tsakuwar da za ta ishe su.

Ana tsakiyar zafin bazarar bana wani mai shaguna daga Kano ya nemi Binta ta haɗa masa sabulu mai yawa, ninkin abin da take yi a wata. Irin cinikin da ta shekara biyu tana roƙon Allah ya kawo ke nan. Ta zauna da biro ta auna, ta ce rijiya za ta ɗauka. Cikin tsokana irin ta kaka da jika na tambaye ta ko ta sa ruwan ɗauraye robobi da na wanke durom. Ashe abin da zai shiga cikin sabulun kawai ta auna, ta manta da na gefe, alhali a bakinta na ji karatun. Washegari ta haɗa kaɗan don gwaji tana ƙirga kowane guga, sai ga na wanki ya kusa kamo na haɗi. A makon kuma aka ƙara wa guga igiya.

Na ce ta sayi na 'yan garuwa mana. Ta ce, "Kaka, su daga ina suke ɗebowa? Ai ƙasar ɗaya ce."

Ta roƙi mutumin ya jira ruwan shuka. Bai jira ba, kuma ban ga laifinsa ba, ɗan kasuwa ne. Binta ta yi kuka ranar. Ni ma raina ya ɓaci, har na ji haushin Yaya tana kabarinta, Allah ya yafe mini. An ce in ruwanka bai isa alwala ba ka yi taimama, amma faɗa ta fi yi sauƙi, musamman ga yarinyar da ke neman tsayawa da ƙafarta.

Har yau ban san hukuncin da 'yan kasuwa za su yi wa Binta ba, wataƙila su ce ta yi wauta. Yaya ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, sabulunta ya narke tuntuni, hotonta ma ɗaya muke da shi. Abin da ta bari jika ce da ba ta iya jan ruwa ba tare da tunanin na bayanta ba. Matan layinmu sun ci gaba da shigowa da bokitansu kowace safiya har damina ta faɗi, suna cikawa, suna yi wa Binta tsiyar wai ta yi lalaci ta bar sana'a. Ba ta gaya musu komai ba, ni ma sai yau na faɗa. Allah ya jiƙan Yaya Talatu, ya shayar da ita daga Alkausara.