Tsakon da Ya Hana Kafinta Aiki

Duk layin masu sana'a an san shi da Taƙaice. Kafinta ne, kuma hannunsa na da kyau, sai dai ba ya son abin da ake maimaitawa. Gaisuwa ɗaya yake amsawa. Katako sau ɗaya yake awonsa, ya yanka, ya kuma zo daidai. Ko da ya je neman aure, surukinsa ya ce bai taɓa ganin wanda ya gama bayanin kansa kafin shayi ya huce ba.

A haka ya rayu har matarsa ta kwanta asibiti bayan haihuwa, ta bar masa 'yarsu mai shekara uku, wadda yake kira Mamana. Yarinyar na fama da zazzaɓi, likita kuma ya ce kada a ba ta magani sai ta ci abinci. Ita kuwa ba ta buɗe baki sai da waƙar tsako da uwarta ke yi mata:

Tsako ya fita, fir-fir-fir,
Ya nemi uwa, fir-fir-fir,
Ya leƙa kwando, babu kowa,
Ya leƙa tulu, babu kowa,
Ya leƙa baki, ga ta nan!

Taƙaice ya zaunar da ita kan benci a shago, cikin ƙurar katako, ƙofar wani na jingine tana jiran fenti. Ya auna waƙar da idon kafinta. Layi biyar, huɗu duk ɓarnar katako ne. Na ƙarshe kaɗai ke buɗe baki.

"Ya leƙa baki, ga ta nan," ya ce, ya miƙa cokalin shinkafa.

Ta datse leɓe.

"Mamana, ai ita ce waƙar."

"Bai fita ba tukuna."

"Wa?"

"Tsakon."

Ya ja tsaki, ya fitar da tsakon, ya tsallake fir-fir-fir don ba magana ba ce, ƙarar fuffuke ce kawai. Ta kau da kai. Ya mayar da fir-fir-fir, ya cire tulu, tunda wanda ya duba kwando bai ga kowa ba ai ya isa. Ta fara kuka. Mai walda na maƙwabta ya leƙo yana dariya.

"Taƙaice, yau kai ne da fir-fir? In kawo maka ganga?"

"Je ka ƙona ƙarfenka."

Shinkafa ta huce, goshin yarinya na ƙara zafi. Ya rera waƙar duka, bai rage ko kalma ba, da saurin mai cigiya. Nan ma ta ƙi. Ya kira matarsa a waya, ransa a ɓace.

"Wace irin waƙa ce wannan? Abu ɗaya ake ta nanatawa, kuma na rera ta gaba ɗaya ta ƙi."

Muryarta a gajiye ta ce, "Kai ka faɗi babu kowa?"

"To wa zai faɗa?"

"Nata ne. Ka tsaya ta ba ka amsa."

Ya ajiye wayar. Tsayawa, abin da ya fi ƙi a duniya. Ya rera har ya kai kwando, ya tsaya. Can ƙasa-ƙasa yarinyar ta ce, "Babu kowa." Ya kai tulu, ta sake faɗa, tana kallon ƙofar shago. Sannan baki ya buɗe.

Cokali ɗaya ke nan. Ya ɗebo na biyu ya miƙa, ta rufe baki.

"Daga farko, Baba."

Mai ƙofa ya zo ya tarar ba a yi fenti ba, ya yi faɗansa ya tafi. Taƙaice bai ko tashi ba. Sai da tsakon ya fita sau tara kafin ta yarda ta haɗiye maganin.