Matar da Ke Jiran Tsoro Ya Kwanta

A kasuwar dabbobi ta Kafanchan, Serah na riƙe da akuyarta mai karyayyar ƙafa, tana kallon baƙuwar likitar dabbobi. Doguwa ce, kanta fari fat, ba ta ƙifta ido. Allurar kashe zafi na hannunta, amma sai dafa bayan akuyar take yi, daidai saman ƙoda.

"Mama, a yi mata mana!"

"Tsoro ne ya danne mata zafin," in ji matar a hankali. "Daga ƙwaƙwalwa yake saukowa nan, ya sauya aikin magani. Mu jira ya kwanta."

Serah ta sunkuya, sai ta ga ƙusa ta huda ƙafar matar, jini na bin ƙasa, ita kuwa ko a jikinta. Wane irin tsoro matar nan ke yawo da shi?